Daƙiƙa Takwas a Bayan Bijimi: Bikin Kalgari

Duk wanda ya taɓa kallon hawan ƙaho wajen mahauta ba zai sha wahalar gane bikin Stampede ba. Ana yin sa ne a birnin Kalgari na ƙasar Kanada, kwana goma cur a watan Yuli, kuma sama da mutum miliyan ɗaya ke halarta. Wani Ba'amurke, Guy Weadick, ya fara shirya shi a 1912. Daga 1923 ya zama na shekara-shekara.

Asalinsa aikin makiyaya ne: horar da doki, kama maraƙi da igiya, kayar da sa. A wasan hawan bijimi, da hannu ɗaya za ka riƙe igiya har daƙiƙa takwas. In ka faɗo kafin nan, ko ɗaya hannun ya taɓa dabbar, to ba ka da maki. Wasu ma da karaya suke tashi. Akwai kuma tseren keken doki, wanda masu kare haƙƙin dabbobi ke suka saboda dawakai kan mutu a cikinsa.

In kana da 'yan uwa a can, ka yi sa'a, don kuɗin otal kan yi tashin gwauron zabo a lokacin. Amma fa takardar gayyatar kawu ba biza ba ce, ka nemi biza da wuri. Ana raba karin kumallo kyauta a gari, sai dai ka tambaya tukuna, sau da yawa da naman alade ake haɗawa. Magariba kuwa, sai wajen ƙarfe goma na dare!