Ƙudan zuma: Ɗan ƙwadagon da manoman Birnin Kudu da Gwaram ke kashewa da hannunsu

Wanda ya saba bin hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram, idan ya ɗaga kai ya dubi manyan itatuwan ɗorawa da tsamiya da ke cikin gonaki, zai riƙa hango amya a saƙale tsakanin rassa. Da ciyawa ake saƙa ta, a shafe ta da kashin shanu, a turara ta, sannan a hau da ita sama a jira ƙudan zuma ya shiga. Sana'a ce ta gado a wannan yanki na kudancin Jigawa, inda duwatsu da itatuwa da ruwan sama suka fi na arewacin jihar yawa.

Da an ambaci ƙudan zuma, hankalin kowa na tafiya ne kan ruwan zumar da ake sayarwa a kwalabe a kasuwanni irin ta Sara. Amma babban aikin wannan ƙwaro ba a cikin kwalba yake ba, a gonar riɗi da kankana yake, kuma a can ɗin ne ake kashe shi.

Yadda yake yi wa manomi aiki

Fure ba ya zama ɗa sai garin da ke jikin namijin fure ya isa ga macen. Gero da dawa da masara iska ce ke yi musu wannan barbara, shinkafa kuma ita ke yi wa kanta, shi ya sa manomin hatsi zalla zai iya shekara bai tuna da ƙudan zuma ba. Kankana da kabewa da gurji ba haka suke ba. Furen namiji daban, na mace daban a kan yaɗo guda, kuma garin yana da nauyi da danƙo, iska ba ta iya ɗaukarsa. Dole sai ƙwaro ya yi jigila. Furen kankana da safe yake buɗewa, kwana ɗaya tak yake yi, kuma yana buƙatar ƙudan ya sauka a kansa sau da dama kafin ya ɗauka sosai. Idan ziyarar ta yi kaɗan, sai ɗan ya zube, ko ya fito a karkace, gefe guda a tsuke. Manomi ya ga haka sai ya ɗora laifin a kan iri ko taki.

Riɗi, wanda Jigawa ke cikin jihohin da suka fi noma shi a Najeriya, yana iya yi wa kansa barbara, amma ba ya cika yadda ya kamata idan babu ƙwari. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso, aka wallafa a shekarar 2017, ya gano cewa idan aka hana ƙudan zuma da danginsa isa ga furanni, amfanin riɗi na raguwa da kashi 59 cikin 100, na auduga kuma da kashi 37. Yanayin can bai yi nisa da namu ba. Ke nan manomin da ya saba samun buhu goma zai iya tashi da huɗu, ba tare da ya ga fari ko tsutsa ba.

Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kusan kashi uku cikin huɗu na nau'o'in amfanin gonar da ɗan Adam ke ci suna amfana da irin wannan jigila ta ƙwari da tsuntsaye. Shi ya sa Majalisar ta ware 20 ga Mayu a matsayin Ranar Ƙudan Zuma ta Duniya, aka kuma fara bikinta a 2018.

Feshin safe

Yau da wuya ka shiga ƙauye a Kangire ko Wurno ko Basirka ka rasa mai goye da injin feshi. Maganin ƙwari ya zama ruwan dare, kowace kasuwa akwai mai sayar da shi, kuma akasarin masu saye ba sa karanta abin da aka rubuta a jikin kwalbar, wanda dama da Turanci yake. Babbar ɓarnar tana cikin lokacin da ake yin feshin. Manomi ya fi son ya yi da safe kafin rana ta yi zafi, kuma a daidai lokacin da wake ko riɗi ko kankana ke fure, domin lokacin ne tsutsa ke kai hari. To, daidai wannan sa'a ce ƙudan zuma ke tsakiyar kiwo. Wanda maganin ya taɓa kai-tsaye a nan yake faɗuwa. Wanda ya tsira kuma ya kwashi gubar ya kai gida, a ciyar da 'ya'ya da ita. Tunda ƙudan kan yi tafiyar kilomita biyu zuwa uku neman abinci, feshin gona ɗaya na iya taɓa amyar mutumin da ke wani ƙauyen, wanda ba zai taɓa sanin abin da ya karya masa gida ba.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da wasu magungunan ƙwari uku a fili, ciki har da imidacloprid, saboda illarsu ga ƙudan zuma. Maganin ciyawa ma yana da nasa rabon: ko bai kashe ƙudan ba, yana share ƙananan furannin bakin gona da ya dogara da su kafin amfanin gona ya yi fure.

Babu mai hankalin da zai ce wa manomin wake ya daina feshi, ya zuba wa tsutsa ido ta cinye guminsa. Abin da masana ke cewa ya fi haka sauƙi: a mayar da feshin zuwa yamma liƙis, bayan ƙudan ya koma amya, a guji yi lokacin da iska ke kaɗawa, a kuma sanar da maƙwabci mai amya. Wannan ba ya cin ko sisi. Saƙo ne da malaman gona na hukumar JARDA da gidajen rediyo da limaman Juma'a za su iya isarwa a damina guda. Limaman ma suna da hujja a hannu, domin akwai sura sukutum a Alƙur'ani mai sunan wannan ƙwaro, Suratun Nahli, kuma ƙudan zuma na cikin halittun da hadisi ya hana kashewa. Akwai kuma irin waken SAMPEA 20-T da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar a ƙarshen 2019, wanda ke jure wa tsutsar da ke huda kwanso, ya rage yawan feshi zuwa kamar sau biyu, ko da yake har yanzu ana ja-in-ja a kan irin da aka sauya wa ƙwayar halitta.

Gatari da wuta

Damina wata huɗu ce, ƙudan kuwa sai ya ci duk shekara. Da rani itatuwa ne ke riƙe shi: mangwaro da ɗorawa da darbejiya da gawo, wanda ke fure lokacin da sauran daji ya bushe. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, rayuwa ta yi tsada, gidaje da dama a birane suka koma ga gawayi, kuma buhunan da ake gani jibge a bakin titi daga dazuka irin na yankin Gwaram da maƙwabtansa na Jihar Bauchi suke fitowa. Masu gawayi ƙirya da marke suke nema, itatuwan da ke ɗaukar shekaru kafin su girma. Itace guda da aka sare, an rasa abincin ƙudan, an kuma rasa wurin rataya amya. Ƙunar daji da ake yi don farautar gafiya da zomo tana ƙarasa abin da gatari ya bari.

Su ma masu amyar ba su fita ba. Hanyar gargajiya ta ɗiban zuma ita ce a hau da daddare da bakin wuta. Ƙudan da yawa na ƙonewa, a kwashe saƙar gaba ɗaya har da mai ɗauke da 'ya'ya, wani lokaci sarauniyar ta mutu, waɗanda suka rage su yi ƙaura. Zumar ma takan fito da ƙaurin hayaƙi da toka, abin da ke karya mata daraja, ga kuma masu dafa sukari suna sayarwa da sunanta, waɗanda suka sa mai saye ba ya yarda da kowa. Kakin da za a iya sayar wa masu man shafawa da kyandir, galibi zubar da shi ake yi bayan an tatse.

Amyar katako mai sanduna, wadda ake kira ta Kenya, tana magance yawancin wannan. Kowane kafinta a Birnin Kudu zai iya haɗa ta idan aka ba shi awo. A ƙasa ake ajiye ta bisa ƙafafu, don haka ba sai an hau itace ba, mata da dattawa ma za su iya kula da ita. Da ɗan gwangwanin hayaƙi ake kwantar da ƙudan, a zaro saƙar da ta nuna kaɗai, a bar ta 'ya'yan. Gida ɗaya sai ya yi shekaru yana bayarwa.

Kuma ita ce ake iya ajiyewa a gefen gona. A jihar Kaliforniya ta Amurka, manoman almon kuɗi suke biya duk shekara a kawo musu amyoyi a manyan motoci lokacin fure. A Gwaram da Birnin Kudu, mai kankana da mai amya sau da yawa 'yan gari ɗaya ne, wani lokacin ma mutum ɗaya ne, sai dai amyar na can kan ɗorawa, shi kuma yana ƙasa da injin feshi da ƙarfe takwas na safe.