Hanyar Da Ta Sada Wasu Ita Ce Ta Yanke Wasu

A cikin shekarar 2021 ne Jami'ar Ludwig Maximilian da ke birnin Munik na ƙasar Jamus ta buɗe wata cibiyar bincike mai suna global dis:connect, da kuɗin Ma'aikatar Ilmi da Bincike ta Tarayya. Tana cikin jerin cibiyoyin da aka raɗa wa sunan Käte Hamburger, malamar adabin nan da mulkin Hitila ya kora gudun hijira zuwa Suwidin. Shehunan malamai uku aka ɗora wa shugabancinta, watau Roland Wenzlhuemer masanin tarihi, da Christopher Balme masanin wasan kwaikwayo, da Burcu Dogramaci masaniyar tarihin zane-zane. An tsara ta ne domin a riƙa gayyato baƙin malamai da masu fasaha daga ƙasashe dabam-dabam, su zauna watanni suna gogayya.

Abin da ya tara su shi ne, an daɗe ana ba da labarin duniya kamar kullum ƙara haɗuwa take yi, alhali kuwa kowace sabuwar hanya tana da waɗanda ta bari a baya. Da aka buɗe mashigin Suwez a 1869, tafiya daga Ingila zuwa Indiya ta ragu ƙwarai, amma tsibirin Santa Helena, inda jirage suka saba yada zango, sai ya wayi gari kasuwarsa ta mutu.

Shi kansa mashigin ya toshe daga yaƙin 1967 har 1975. Jiragen ruwa 14 suka maƙale a babban tafkin da ke tsakiyarsa. Matuƙansu, mutanen ƙasashen da ba su ga-maciji a lokacin, suka kafa ƙungiya, suka yi wasannin Olimfik nasu a 1968, har suna zana kan sarki da hannu. To, wa zai fassara waɗannan zane-zane? Masanin tattalin arziki asarar kaya kawai zai lissafa. Lalle sai an sa mai ido da fasaha a zaman.

Mutanen Kano sun san wannan magana tun kafin a ba ta suna. Da layin dogo ya iso birnin a 1911, gyaɗa da fatu suka nufi Ikko, ayarin raƙuma kuwa da ke bi ta Agadas da Gat zuwa Turabulus ya yi ta ƙanƙancewa, fataken Gadamus suka rasa abin yi.