Leɓe da Baki: Kalmar "Lip" ta Ingilishi a Idon Hausar Gabashin Sakkwato

Ɗalibin da ya fara koyon Ingilishi yakan lura cewa kalmar "lip" ta yi kama da "leɓe", har ya zaci ɗaya daga ɗaya aka aro ta. Wannan zato ba shi da tushe. A tsohon Ingilishi, wato na shekaru dubu da suka shige, "lippa" ake cewa. Jamusawa suna da "Lippe", masana kuma sun danganta su da "labium" ta Latin. Hausa kuwa daga dangin harsunan Cadi take, kuma ba kasafai al'umma ke aron sunayen gaɓoɓin jikinta ba. Bafillacen Goronyo "tonndu" yake cewa, Balarabe kuma "shafa", wadda almajiran tajwidi suka sani a cikin "ikhfa'i shafawi". Kamannin "leɓe" da "lip" dai katari ne kurum.

Inda harsunan biyu suka rabu sosai shi ne wajen amfani. Bature ya ɗora wa leɓe kaya masu yawa waɗanda Bahaushe ya ɗora wa baki. Gefen kofi ko na tulu "lip" ne ga Bature, ga Bahaushe kuwa bakin kofi ne, kamar yadda ake cewa bakin rijiya da bakin gulbi. Abin da mata ke shafawa, wato "lipstick", jan baki ne, ko da yake a leɓe ake goga shi. Idan yaro ya mayar wa babba da magana, Bature ya ce ya ba shi "lip", Bahaushe ya ce ya yi masa tsaurin ido. Mafi muhimmanci ga ma'aikacin gwamnati ita ce "lip service", wadda ake danganta asalinta da littafin Annabi Ishaya, inda aka zargi masu girmama Ubangiji da leɓunansu alhali zukatansu suna nesa. Magatakardan da ya fassara ta da "hidimar leɓe" a takardar majalisar ƙaramar hukuma bai faɗi komai ba. Manomin albasa a fadamar Wurno ya san alkawarin fatar baki sarai, kuma da wannan sunan ya san shi. Abin da ya rage wa leɓe a Hausa kaɗan ne: a cije shi don takaici, ko ya tsage da hunturu a nema masa man kaɗanya.

Sai dai a fagen ilimin furuci leɓe ya sami matsayin da bai samu a karin magana ba. Daga "labium" Turawa suka sami "labial", malaman Hausa kuma suka ƙirƙiro "baleɓe" don baƙaƙe irin su b da ɓ da m da f. A nan ne kunnen mutumin Rabah yake da abin koyarwa. Bature yana furta f ta hanyar haɗa leɓen ƙasa da haƙoran sama, Bakano kuwa da leɓuna biyu, alhali Basakkwace yakan ce "hwara" da "hwaɗi" da "tahi" a gurbin fara da faɗi da tafi. Tun da yake Hausa ba ta rarrabe p da f ba, aka sami fensir da fasinja da famfo. Wannan ne ma ya sa ita kanta kalmar "lip" kan fito "lif" a bakin ɗan firamare, malami ya yi ta faɗa ba tare da ya nuna masa inda zai ajiye leɓensa ba.

Akwai kuma wani al'amari da Bajamushe August Klingenheben ya bayyana wajen 1928. A Hausar Kano, baleɓen da ya zo a ƙarshen gaɓa ya narke ya koma "u", amma a Sakkwato ya tsaya daram. Don haka ake jin "zamna" da "amre" da "sabka" da "abduga" a kasuwar Goronyo, inda daidaitacciyar Hausa ke rubuta zauna da aure da sauka da auduga. Haka nan "ɗwaci" da "twari" sun riƙe kewayen leɓen da ɗaci da tari suka yar. Wato furucin garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, aka kuma binne shi a 1837, shi ne ya fi tsufa. Malamin da ke duba jarrabawa yana da hujjar neman a rubuta "zauna", domin ƙa'idar rubutu ke nan, amma ba shi da hujjar gaya wa yaron Wurno cewa kakansa ne ya karkata kalmar.