Aikin Lauya a Yankin Noman Rani

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya fara bin magudanai zuwa gonakin Kura, Bunkure da Garun Malam, darajar ƙasa ta sauya a yankin. Gonar da a da ake nomawa sau ɗaya a shekara ta koma ba da shinkafa da damina, alkama da tumatur da rani. Inda ƙasa ta yi daraja kuwa, rigimar iyaka da ta gado ba sa nisa, nan ne kuma ake buƙatar lauya.

Hanyar zama lauya doguwa ce. Ɗalibi kan yi shekara 5 a jami'a, kamar ta Bayero a Kano ko ta Ahmadu Bello a Zariya, inda zai iya haɗa dokokin da aka gada daga Ingila da shari'ar Musulunci. Sai shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda aka kafa a Legas a 1962. Reshenta na Kano yana Bagauda, ba nisa da waɗannan gonaki. In ya ci jarrabawa, a rantsar da shi, a shigar da sunansa a Kotun Ƙoli. Yawanci sabon lauya kan fara aiki a ƙarƙashin wani babba kafin ya buɗe ofishinsa.

Jama'a sun fi sanin lauya da baƙar riga a gaban alƙali, amma rabin aikinsa a kan tebur yake: sauraro, bincike da rubuta takarda. Ɗauki jingina. Manomi ya karɓi kuɗi, ya ba da gonarsa a riƙe har ya biya, shaidu biyu da mai unguwa suka gani, ba a rubuta komai ba. Shekaru suka ja, shaidu suka rasu. Magadan wannan suka ce jingina ce, na wancan suka ce ciniki ne. Lauyan da aka kawo wa maganar sai ya bi dagaci da dattawan gari, ya taka gonar da ƙafarsa, ya duba takardun Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are idan filin yana cikin shirinta. Sai kuma ya san inda zai nufa: rabon gado na kotun shari'ar Musulunci ne, amma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana. Nan ne karatun dokoki biyun nan yake amfani.

Abin baƙin ciki, galibi sai magana ta lalace ake zuwa wurin lauya, lokacin da za a yi ta ɗage zama, zumunci na tsinkewa, kuɗin taki na tafiya a mota zuwa kotu. Lauya nagari kan fara da neman sulhu, ko da kuɗin aikinsa zai ragu. Mai shirin jinginar da gona, ba da haya ko sayarwa, ya nemi a rubuta masa yarjejeniya tun ranar da kuɗi ya shiga hannu.