Ƙidayar Bugu: Darasin Farko ga Mai Koyon Jita

Gabatarwa

A wani dogon hutu da na yi wurin yayana a unguwar Utako ta Abuja, na sayi tsohuwar jita mai tsirkiya shida na duƙufa koyo. Bayan wata biyu yatsuna sun san inda za su kama, har na fara ganin kaina gwani. Ranar da na zauna da wani makaɗin kalangu da ke zuwa kusa da tashar mota, ba mu yi minti ɗaya ba ya ajiye makaɗi ya ce, "Samari, kai gudu kake yi, ni kuwa tafiya nake." Kunya ta rufe ni a gaban jama'a. Abin da na koya daga wannan rana shi nake son in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai.

Mene ne bugu?

Kowane kiɗa yana tafiya ne bisa wani bugu da ke maimaita kansa a tazara ɗaya, kamar bugun zuciya. Duk wanda ya taɓa jin mata suna lugude ya san shi: taɓarya ba ta riga 'yar'uwarta sauka, in kuwa ta riga, sai a yi karo a turmi. Ana auna saurin kiɗa da yawan bugu a minti guda. Bugu 60 yana nufin ɗaya a kowace daƙiƙa, 120 kuma ninkinsa ne. Na'urar da ke riƙe wa mai koyo wannan awo ita ce mitironom, wadda Bajamushe Johann Maelzel ya yi wa rajista a 1815. A yau manhaja ce da ake saukewa a waya.

Yadda ake ƙidaya

Yawancin waƙoƙin da mai koyo ke farawa da su suna rarraba bugu huɗu-huɗu. A nan harshenmu ya yi mana gata. Ɗalibin da ya karanci karin waƙa zai lura cewa ɗaya, biyu, uku da huɗu kowacce gaɓa biyu ce, kuma duk gajeru. Don haka sai ka furta: ɗa-ya, bi-yu, u-ku, hu-ɗu. A gaɓar farko hannun dama ya sauka kan tsirkiya, ƙafa ta taka ƙasa. A ta biyu hannu ya taso, ƙafa ta ɗago. Ko a inda ba ka son sauti ya fito, kada hannun ya tsaya, ya wuce kawai ba tare da ya taɓa tsirkiya ba.

Kuskurena shi ne, in na zo sauya kamun yatsun hagu sai in dakata, sannan in yi sauri don in cike giɓi. Maganinsa rage gudu. Na koma bugu 60, kullum minti goma sha biyar, ba na ƙara biyar sai na yi zagaye takwas babu tuntuɓe.

Da wannan ya zauna, sai a shiga raba bugu gida uku: ɗa-ya-da, bi-yu-da. Kiɗe-kiɗen Afirka ta Yamma da yawa a kan haka suke, har hannu yana bugun uku yayin da ƙafa ke taka biyu. Mai son ya horar da kunnensa ya saurari kuntigin Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Tsirkiya ɗaya ce tak, amma bugunsa ba ya kaucewa. Haka kuma jitar Bombino, mutumin Agadas.

Kammalawa

Kafin hutu ya ƙare na koma wurin mai kalangun, muka kai ƙarshen waƙa tare. Shawarata ga mai koyo ita ce ya fara da tafi da taka ƙafa, yana ƙidaya da baki a fili, kafin ya ɗauki jita. Sannu ba ta hana zuwa.