Karatun Intanet: Ka Raba Abin Da Ka Sani Ko Ka Ɓoye?

Mu ce kai malamin firamare ne a Birnin Gwari, ga iyali ga gona, kuma kana digiri a jami'ar karatu daga gida ta NOUN. Yau ka gano bakin zaren wani kwas mai wuya. Za ka tura rukuninku na WhatsApp, ko ka yi shiru don ka fi kowa maki?

A 1949 masanin halayyar ɗan Adam Morton Deutsch ya wallafa gwajin da ya yi kan wannan da ɗalibai a Amurka. Wasu aka ba su maki a matsayin rukuni, wasu aka jera su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. 'Yan rukunin farko sun fi sauraren juna da musayar bayani. Kai ma da ka koyar kana da riba: yi wa wani bayani yana tilasta ka zaƙulo darasin daga ƙwaƙwalwa, kuma zaƙulowar ta fi maimaita karatu sa abu ya zauna.

To amma rukuni na da cutarsa. A 1913 Ringelmann na Faransa ya nuna cewa idan masu jan igiya suka ƙaru, ƙarfin da kowannensu ke sawa raguwa yake. Ka san irinsu: mutum arba'in a rukuni, uku ke magana.

Maganin yana gonarku. A gayya gona ɗaya ake nomewa, amma kowa da kunyarsa, samari na rige-rigen kai gaci, malalaci kuwa ba ya ɓuya. Gasa ce a cikin haɗin kai.

Ku yi hakan. Ku zama huɗu ko biyar, ku raba babi-babi, kowa ya yi bayanin nasa da saƙon murya. Ƙarshen mako ku yi wa juna tambayoyi, a nan ne gasar take. Aikin gwajin da ake ba maki kuwa, kowa ya yi nasa.

Kar ka manta 2021, lokacin da aka katse layukan waya a sassan jihar Kaduna saboda 'yan bindiga, har da yankinku. A irin wannan rana, abokin da ya riga ya sauke darasi a wayarsa shi ne laburarenka. Idan ka saba ɓoye masa naka, da wane ido za ka je ƙofarsa?