Ire-iren Furuci da Sarrafau a Harshen C

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa alamomin da ɗalibi ya saba gani a allon lissafi ba lalle ne su riƙe ma'anarsu ba idan sun shiga harshen kwamfuta. Misalanmu duka daga harshen C ne, wanda Dennis Ritchie ya ƙago a Amurka wajen shekarar 1972.

Abin da muke kira furuci shi ne duk wani yankin umarni da kwamfuta za ta auna ta fitar da ƙima ɗaya, alal misali 2 + 3. Alamar da ke tsakiya kuwa mun laƙaba mata suna sarrafau, bisa awon kalmar aikatau ta nahawu, domin ita ce ke ɗauke da aikin.

Sarrafau na lissafi su ne + - * / da %. A cikinsu rabawa ce mai tarko: 7 / 2 na ba da 3, domin lambobin biyu cikakku ne, sai C ya yar da ɓurɓushin. Saura kuwa 7 % 2 ke fitar da shi, watau 1. Wanda ke son 3.5 sai ya rubuta 7.0 / 2.

Sarrafau na kwatanci, irin su < da > da ==, amsarsu 1 ce in gaskiya ne, 0 in ƙarya ne. A nan ne muka fi ganin ɗalibanmu na tuntuɓe. A ce malami na neman makin da ya faɗa tsakanin 40 da 50, sai ya rubuta:

(1) 40 < maki < 50

Kwamfuta za ta fara da hagu, ta sami 0 ko 1, sa'an nan ta gwada wannan da 50. Ke nan furucin gaskiya ne kullum, ko da makin 95 ne, kuma tsarin zai gudana salin-alin. Daidai shi ne a kawo sarrafau na mantiƙi, &&, mai ma'anar "da":

(2) 40 < maki && maki < 50

Har wa yau akwai alamar =, wadda aikinta zuba ƙima ne cikin ma'aji. Saboda haka x = x + 1, wanda a darasin aljabara shirme ne, a C umarni ne sahihi: ƙara ɗaya a kan x. A ganinmu, gara malami ya karanta wa aji wannan alama da "ya zama", ya keɓe "daidai yake da" ga == kaɗai.